Nasiha ga Samarin Mubi a Kan Tsohon Keke

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samarin wannan gari namu na Mubi, da na Lokuwa da na Shuware da na Kolere da na Wuro Gude, har zuwa na ƙauyukan da ke kwance a gindin duwatsu ta wajen Gella da Muchalla, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda wataƙila in kun ji kanta za ku ce ba ta kai a ɓata tawada saboda ita ba, alhali kuwa a ganina tana daga cikin ƙananan al'amuran nan da manyan al'amura ke ɓuya a bayansu. Maganar tsohon keke ce.

Abin da ya tayar mini da ita shi ne, ran nan da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai ga wani yaro mai sayen gwangwan ya turo kurarsa, an labta mata fasassun tukwane da ruɓaɓɓen kwanon rufi da ragowar injin niƙa, can a bisa kayan kuma ga wani baƙin keke an ɗora shi a kife, ƙafafunsa suna kallon sama kamar akuyar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Na tsai da shi, na kama gefen rigata na goge ƙurar da ke goshin keken, sai ga tambarin tagulla ya bayyana da kan zalɓe a samansa, wato dai Raleigh ne na asali, ƙirar birnin Nottingham na ƙasar Ingila. Na tambayi yaron yadda aka yi ya same shi, ya ce, "Baba, wani saurayi ne ya sayar mini, ya ce na kakansa ne, ya tare musu wuri a zaure. A sikeli muka auna." Kalmar nan ta sikeli ita ta fi komai sosa mini rai, domin abin da wani bawan Allah ya yi damina biyu ko uku yana tara kuɗin gyaɗa kafin ya mallaka, ya hau shi zuwa gona da kasuwa da masallaci da zumunci har ƙarfinsa ya ƙare, ga shi yau an auna shi da kilo tare da lanƙwasassun ƙusoshi za a kai shi a narkar. Na ba yaron abin da ya biya da ribarsa, na sauke keken, na shigar da shi gida.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar babura da Keke Napep sun cika titi, ba za ku san matsayin da keke ya taɓa riƙewa a ƙasar nan ba sai an ba ku labari. A zamanin da Mubi take cikin yankin riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingilishi, da kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961, wadda a sanadinta yankinmu ya shigo Nijeriya aka mai da garin nan hedkwatar Lardin Sardauna, mota abin kallo ce, kuma da malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti da masinjan En'e da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, duk abin hawansu guda ne, shi ne wannan da tsofaffinmu ke kira basukur, wasu kuma su ce dokin ƙarfe. Har lamba ake yankar masa a wurin hukuma. In mutum ya sayi sabo, sai ya naɗe sandunansa da roba don kada fenti ya kuje, ya sa masa madubi da ƙararrawa da tuntun ulu, 'yan'uwa da maƙwabta su yi ta zuwa barka da arziki. Mu kuwa da muke yara a lokacin, a wurin masu hayar keke muka koyi hawa, da kwabo-kwabon da muke tarawa, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya domin ba mu kai sirdi ba.

Raleigh, wanda aka kafa kamfaninsa a 1887, shi ne sarkinsu a idon mutanenmu, har daga baya kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano. A bayansa akwai Hercules da Phillips na Birmingham, da Rudge mai tambarin tafin hannu. Da keken Ingila ya yi wa talaka tsada sai Phoenix na Shanghai ya shigo, da Hero da Avon na Ludhiana ta ƙasar Indiya, kuma saboda muna bakin iyaka, akan ga Peugeot na Faransa ya ƙetaro daga Kamaru. To, ku sani masana'antar Nottingham ta daina haɗa keke tun 2002. Duk wanda aka narkar daga cikin waɗancan na asali ya tafi ke nan, babu inda za a je a sayo madadinsa.

Ba ina kiran ku ne ku bar karatu ku buɗe rumfar faci ba, ko da yake sana'a ce ta halal wadda ta rufa wa gidaje da yawa asiri a garin nan. Abin da nake kiran ku gare shi aikin sha'awa ne, irin wanda mutum ke yi bayan la'asar ko ranar hutu ba don kuɗi ba: kowannenku ya nemi tsohon keke guda ɗaya, ya kwance shi ƙarfe-ƙarfe da hannunsa, ya wanke, ya gyara, ya mayar, har ya hau shi. Dalilina kuwa shi ne, a cikin duk na'urorin da ke kewaye da ku yau, keke ne kaɗai ya rage wanda ba ya ɓoye wa mai shi komai. Wayar da ke aljihunku an liƙe ta ne domin kada ku buɗe, in ma kun buɗe idonku ba zai gane abin da ke gudana a ciki ba, sai ku wayi gari kuna amfani da abubuwa ɗari ba ku san sirrin ko guda ba, kuma wanda ya saba da haka a kayan hannunsa, sannu a hankali yakan saba da shi a sauran lamuransa, ya riƙa karɓar duk abin da aka miƙo masa ba tambaya, ya jefar da duk abin da ya ƙi masa ba bincike. Shi kuwa keke, tun da John Kemp Starley ya daidaita siffarsa a Coventry a 1885, ƙafafu biyu masu kusan girma ɗaya da kaca mai jan ta baya, John Boyd Dunlop kuma ya sa masa tayar iska a 1888, hikimarsa a fili take: ka taka feda, ka ga kaca ta ja, ka ga ƙafa ta juya, kowane sababi yana manne da musabbabinsa a gaban idonka. Waɗanda suka ƙera irin na iyayenmu sun ƙera shi ne da niyyar a buɗe shi sau ɗari a mayar, shi ya sa kusan komai nasa da noti aka ɗaure.

Amma kafin ku ɗauki sifana, akwai haƙƙin da ya rigayi aiki. Keken da kuka tarar a zaure ko a bayan rumbu yana da mai shi, in kuwa mai shi ya riga mu gidan gaskiya to ya zama tarika, wato dukiyar gado, kuma komai ƙanƙantarsa na magada ne baki ɗaya har ranar da aka raba, saboda haka bai halatta ɗa guda ko jika ya sayar ko ya mallake shi ba sai da yardar sauran, har da gwaggwanninsa mata waɗanda aka fi mantawa da su a irin wannan. Ku je ku durƙusa ku nemi izini. Ban taɓa ganin tsohuwar da aka ce mata ana so a raya keken mijinta ko na mahaifinta ta hana ba, sai dai ta haɗa da addu'a. In kuma saya za ku yi, ku binciki asalinsa, domin a shekarun fitinar Boko Haram da ta auka wa garin nan kaya masu yawa sun fita daga hannun masu su ba da son ransu ba. Ku saya a gaban shaida, ku rubuta lambar da aka buga a jikin firam, wadda galibi take ƙarƙashin sirdi ko ƙarƙashin gindin feda, ku adana takardar.

Sa'an nan ku duba ko firam ɗin yana da rai, gama shi ne gangar jiki, sauran duk tufafi ne da ake iya sakewa. Ku shafa yatsa a ƙarƙashin sandunan nan biyu daidai inda suka haɗu da wuyan keken. In kun ji wani ɗan tudu ko tattara kamar fatar goshin tsoho, to ya taɓa yin karo gaba da gaba, ƙarfen ya karaya daga ciki ko da bai rabu ba. Ku tsaya ta bayansa ku hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Kekunan garin nan da yawa sun sha dakon buhunan masara da jarkoki a hanyoyin kan iyaka, abin da ya fi ƙarfin da aka yi su dominsa, saboda haka ku duba sandunan baya da kyau. Tsatsar da ke bisa fata kada ta firgita ku, tana fita. Wadda ta ci ta huda ita ce mutuwa. In kun yi dace da mai giya uku, ku goge cibiyar ƙafar baya, za ku ga sunan Sturmey-Archer, a kusa da shi kuma an buga shekara da watan da aka yi ta, sai ku san shekarun abin da ke hannunku.

Ranar kwancewa ku shimfiɗa tsohon buhu a wuri mai inuwa wanda kaji da yara ba sa bi, ku jera gwangwanayen madara, kowane sashe da nasa, kuma a nan wayarku za ta yi muku rana, domin in kuka ɗauki hoton kowane wuri kafin ku taɓa shi, ba za ku yi ta wasiwasin wace wosha ce ta riga wace ba. Notin da ya shekara talatin bai motsa ba, ƙarfi ba ya buɗe shi, sai dai ya cinye masa kai. A ɗiga masa kananzir da dare, a ƙara da safe, a ɗan ƙwanƙwasa shi, a bar shi ya sake kwana in ya ƙi. Ku tuna fedar hagu a juye ake kwance ta, wato inda ake ɗaure sauran nan ake kwance ta, kuma masu ƙira sun yi haka da gangan don kada taku ya warware ta a tafiya. Kotar da ke riƙe hannun feda kuwa, ku sassauta notinta har ya yi daidai da bakinta, ku tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututun ƙarfe domin kada dukan ya sauka a kan boris, ku ba ta guduma ɗaya mai nauyi. Ƙananan duka masu yawa lanƙwasa ta suke yi. Ranar mayarwa kuma ta dama da ta hagu su kalli ɓangarori mabambanta, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Akwai kuma wani tarko da ya halaka kekuna masu kyau da yawa a hannun masu gaggawa, shi ne Raleigh na Nottingham yana da tiredinsa na kansa a gindin feda da wuya, zare 26 a kowane inci, alhali na sauran kamfanoni 24 ne, na Faransa kuma ma'auninsa daban ne gaba ɗaya. Sabon kayan kasuwa zai shiga juyi ɗaya ko biyu kamar ya dace, sa'an nan ya cije. Wanda ya matsa masa da sifana a wannan gaɓar ya kashe zaren firam, ba ya kuma dawowa. Ƙa'idar ita ce, duk abin da bai shiga da yatsu ba a farkonsa, a fito da shi a sake tunani, kuma kada a jefar da tsohon sashe sai an tabbata sabon ya zauna.

Sa'ad da kuka buɗe gindin feda, boris za su zubo, baƙi ƙirin da busasshen giris da ƙurar hunturun shekaru. Ku tare su da hannu, ku ƙirga: galibi 11 ne kowane gefe a nan, masu kaurin rubu'in inci, 9 kowane gefe a cibiyar ƙafar baya, 10 ƙanana kowane gefe a ta gaba. Ku wanke mazauninsu da kananzir har ya yi ƙyalli, ku duba ko ya yi ramuka, ku cika shi da sabon giris, ku jera sababbin boris ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tasbaha. Ɗaurin cibiyar ƙafa shi ne farkon abin da zai koya wa hannunku adalci, domin in kun matsa ƙafa za ta yi nauyi ta ci kanta, in kun sassauta ta yi ta girgiɗi, kuma tsakanin biyun bai fi kaurin gashi ba. Alamar an dace ita ce, in an ɗaga ƙafar aka sake ta, sai ta yi ta kai da komo a hankali har ta tsaya da bawul a ƙasa, saboda ɗan nauyinsa kaɗai ya isa ya rinjaye ta.

Mafi daɗin aikin duka a wurina, kuma mafi wuyarsa, shi ne miƙar da wili. Na koye shi ne wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zama a gindin wata maina kusa da kasuwa, Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa. Ina saurayi na kai masa wilin da na yi kwana biyu ina fama da shi, kullum na gyara nan sai can ya karkace, har ya zama kamar faifan da ya sha ruwa. Bai ce mini komai ba, ya kifa keken, ya ɗauki guntun alli ya riƙe a gefen wilin, ya juya shi, allin ya shafi wurin da ya kumburo ya bar sauran. Sa'an nan ya bi sifok ɗin nan, wato wayoyin ƙafa, yana fizgar su ɗaya-ɗaya da farce yana karkata kunne, kamar mai gwada tsirkiyar garaya, mai tauri ta yi ƙara siririya, sakakkiya ta yi ƙara a dushe. Ya ce, "Ɗana, ka zo kana faɗa da shi ne. Kowace waya tana jan 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. In ka ƙara wa wannan, ka rage wa waccan. Rubu'in juyi, ka tsaya ka duba." Haka ya yi ta yi, rubu'in juyi a nan, rubu'in juyi a can, yana share alli yana sake shafawa, tun ana jin hayaniyar kasuwa har aka kira la'asar, wilin nan ya miƙe sak yana wucewa tsakanin robobin birki ba ya taɓa ko ɗaya. Irin na Ingila na dā, sifok 32 ne a gaba, 40 a baya inda nauyi yake, kuma ba ɗaya daga cikinsu da za ta iya ɗaukar mutum ita kaɗai, yatsa ma yana lanƙwasa ta. Jan da suke yi wa juna daidai wa daida shi ne ke ɗaukar magidanci da buhunsa. Na yi shekaru ina tadabburin wannan, kuma ban taɓa zama sulhu tsakanin 'yan'uwa ba face na tuna da allin dattijon nan.

Faci kuwa kowa yana ganin ya iya, amma kaɗan ne ke yin sa da itƙani. A nutsa tub a kwanon ruwa a bi kumfa, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira ya bushe har ya daina kama yatsa kafin a ɗora faci, sa'an nan, abin da aka fi mantawa, a zagaya cikin tayar da yatsa a nemo ƙayar tsidau ɗin da ta yi ɓarnar, don in tana nan za ta sake hudawa kafin a kai bakin titi.

Game da ado, ina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma na san wasu za su saɓa mini. In baƙin fentin asali yana nan, da siraran layukan zinariya ko da sun dushe, kada ku shafe shi. Ku wanke da ruwa da sabulu, ku goge da ɗan tsumma mai mai, za ku yi mamakin yadda zai farfaɗo, domin fentin gashi ne wanda na gwangwani ba ya kama ƙafarsa. Farin ƙarfe mai ƙyalli na kan keke da wili kada samfefa ta kusance shi. Soson ƙarfe mai laushi da kananzir sun isa, ƙananan notuna kuma a jiƙa su a ruwan tsamiya ko na lemun tsami su kwana, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take. Sirdin fata in ya bushe a shafa masa man kaɗe kaɗan ta ƙasa a bar shi ya sha, kada a jiƙa shi, kada kuma a ɗaure notin gabansa da ƙarfi don a tayar da shi, yagewa zai yi. Kujewar da ke kan sandar tsakiya, inda rigar kakanka ta yi shekara arba'in tana gogawa, ni ba na kiran ta aibi.

Aibi shi ne wanda ake rufewa. Na taɓa sayen wani keke a hannun wani mutum, yana ƙyalli kamar ran da aka fito da shi daga kwali, ashe fok ɗinsa, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ya tsage, an cike tsagar an bi da fenti. A gangaren wata hanya ta wajen duwatsu ya rabu a ƙarƙashina, kuma Allah ne kaɗai ya tsare, domin da ɗana na goyo a ranar da ban san yadda labarin zai ƙare ba. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san algus da ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya gano. 'Yan'uwanmu Kirista da muke zaune tare a garin nan su ma addininsu bai yarda da ha'inci ba. To, a keke abin ya wuce cin dukiya ya kai ga jini. In wata rana kuka sayar da wanda kuka gyara, ku kama hannun mai saye ku ɗora a kan kowane wurin da aka yi walda, ku gaya masa wane sashe ne na asali wane ne na kasuwa. Ku kuma gaya masa, ku ma ku sani, birkin sanda a kan wilin ƙarfe ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa shi, saboda haka da damina a gangara da sannu, a fara taɓa birki tun daga nesa.

Na san abin da ke zukatan wasunku, ko ba ku furta ba, shi ne kunya: ɗan Foliteknik ko ɗan jami'ar jiha a gan shi da baƙin mai a hannu, ko a gan shi bisa keken tsofaffi abokansa suna wucewa a babur. Wannan kunya ba ta da asali a addini, ba ta da shi a hankali. Annabi Dawuda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da annabcinsa da mulkinsa, ƙarfe yake sarrafawa yana ƙera sulke yana ci daga aikin hannunsa, kuma ya tabbata cewa Fiyayyen Halitta, sallallahu alaihi wa sallama, yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa da kansa. Ta fuskar duniya kuwa, 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgin sama a Amurka a 1903, masu shagon gyara da ƙera keke ne a garin Dayton, har da kacar irin ta keke suka juya farfelar jirginsu. Soichiro Honda kuma, wanda sunansa ke jikin babura da injuna a duniya duka, ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, kuma da ɗaura ƙaramin inji a jikin keke ya fara a 1946. A Italiya akwai wani taron hawan keke mai suna L'Eroica da ake yi tun 1997, wanda ba a shigarsa sai da tsohon keke, mutane suna tahowa daga ƙasashe masu nisa da abin da mu muke aunawa a sikeli.

Mu mutanen Mubi ma ba mu bukatar a kawo mana hujja daga nesa. Ranar 29 ga Oktoba 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, jama'a suka watse, wasu suka hau duwatsu, wasu suka nufi Kamaru, wasu suka kama hanyar Yola a ƙasa, mai mota ba mai, mai kuɗi ba inda zai saya, na ga da idona wani saurayi ya ɗora kakarsa a kariyar wani tsohon Phoenix, ya ɗaura ƙunshin kayansu a sanda, yana turawa cikin jeji, tsohuwar ta riƙe sirdi da hannu biyu tana salati. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba, amma ba na shakkar cewa a gidansu akwai wanda ya kula da tayoyin keken nan da kacarsa tun ana zaman lafiya. A Maiduguri, da aka hana hawan babur a cikin gari a 2011, keke ne ya ɗauki ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa, mu ma nan mun ɗanɗani irin wannan doka. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, magidanta nawa ne suka koma zaure suna neman abin da suka jingine? Wanda ya tarar da nasa da rai ya hau, wanda jikansa ya riga ya kai sikeli ya taka da ƙafa. Allah kada ya maimaita mana waccan rana ta 2014, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Sharaɗi guda nake gindaya muku, kada sha'awar ta ci lokacin salla ko na karatu ko na aiken iyaye, kuma kada ta zama ƙofar israfi. Sifana biyu ko uku, da filaya, da sukudireba, da guduma, da makullin sifok, da famfo sun isa farawa. Abin da ya gagare ku, ku kai wa dattawan masu gyara da suka rage a bakin kasuwa, ku gaishe su da ladabi, ku biya su ladansu cikakke, ku zauna ku kalli hannunsu, domin abin da ke kawunansu ba a rubuce yake ba, kuma kowace shekara suna raguwa.

Shi kuwa keken da na sauke daga kurar mai gwangwan, wata uku muka yi a kansa ni da ɗan maƙwabcina, yaro ɗan aji biyar na sakandare wanda da farko leƙe kawai yake yi ta ƙofar zaure. Shi ya jera boris ɗin ƙafar baya, shi ya miƙar da wilin gaba, ya ɓata sau biyu, a na uku ya dace. Ran da muka gama, bayan sallar asuba, ya hau ya bi hanyar Digil, na tsaya ina jin ƙas-ƙas ɗin ƙafar baya yana nisa har ya ɓace, ya dawo rana ta ɗaga da ƙura a ƙafafun wandonsa yana cewa, "Baba, ko ƙara ba ya yi." Abu ɗaya ya rage mana, shi ne ɗan murfin nan mai zagaye na gidan kaca, wanda ya ɓace tun kafin keken ya zo hannunmu, mun zaga rumfunan masu gyara ba mu samu ba. Duk wanda ya ga irinsa a zaurensu, ya nemi izinin manyansa ya kawo mana, za mu saya. Ana samunmu a ƙofar gida kullum bayan la'asar.